Matambayi Ba Ya Ɓata: Lemon Da Harshe Bai Gane Ba

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan mako, ya zafi? Mu dai nan Katsina sai hamdala, ƙanƙara ta zama zinare, wanda ke da firji da sola shi ne sarki a unguwa. Wataƙila zafin ne ma ya sa saƙonnin da suka taru a wayata kusan duk a kan abin sha suke, sai na ware guda biyar na haɗa su wuri ɗaya tunda duk kanwar ja ce. Sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Anti barka da aiki, don Allah ki sakaya sunana. Ni ɗaliba ce nan Katsina ina aji uku a jami'a, hutun da ya wuce na tahi Abuja wajen yayata sai wata ƙawata da muka yi sakandare tare ta gayyace ni bazde ɗinta a wani wajen cin abinci, wlh Anti ni ban taɓa shan abin da ya wuce Maltina ba a rayuwata, to muna zaune sai aka kawo ma kowa wani abu cikin dogon kofi fari-fari kamar kunun aya da yankan abarba a bakin kofin, ga sanyi ga daɗi, ni dai kwakwa da abarba kawai na ji, na shanye har aka ƙaro mani na biyu. Ko da na miƙe zan je bayi sai na ji ƙasa na juyawa, bakina ya yi nauyi ina ta dariya ba dalili, da ƙyar na kira yayata ta aiko aka ɗauke ni, na yi amai a mota na kwana ban yi isha'i ba. Washegari na tambayi ƙawar tawa ta ce wai koktel ne ai ɗan kaɗan ne a ciki ba komai. Anti mi aka ba ni? Ya za a yi in sha giya ban ji ɗacinta ba alhali an ce ɗaci gare ta? Kuma da gaske sallata ta kwana arba'in ba ta karɓuwa? Tun ranar ba ni barci.
Wata ɗaliba, Ƙofar Ƙaura

Ɗiyata sannu, kwantar da hankalinki tukun, bari in fara da wadda ta hana ki barci. Malamanmu sun karantar da mu cewa an ɗauke wa al'ummar nan kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su a kai, kuma ƙarshen Baƙara da kike karantawa kullum roƙon da ke ciki ke nan, kada a kama mu in mun manta ko mun yi kuskure. Maganar kwana arba'in ta wanda ya sani ce ya ɗauka ya kai bakinsa da gangan. Ke ba ki sani ba. Ki rama isha'inki in ba ki rama ba, ki ci gaba da sallarki, kar shaiɗan ya sa ki ce tunda ba ta karɓuwa bari in ajiye, nan ne asarar take.

Abin da kika kwatanta kuwa, fari mai kauri, kwakwa da abarba, da yanki a bakin kofi, ya yi kama sosai da wanda ake kira Pina Colada, asalinsa daga tsibirin Fotoriko ne, kuma abu uku ne a ciki, ruwan abarba, madarar kwakwa, sai wata barasa da ake yi daga rake wadda suke ce ma rum. Ita wannan rum ɗin kashi 40 cikin 100 nata zallar barasa ce, giyar kwalba da kike jin ana magana kuwa kashi 5 ce ko kusa da haka. To ki lissafa. In aka zuba mililita 50 na rum a kofi, wato kamar cokalin cin abinci uku da ɗan ɗori, barasar da ke ciki mililita 20 ce, ƙaramar kwalbar giya mai mililita 330 kuma 16 da rabi gare ta. Kin ga kofi ɗaya ya ɗara kwalba ɗaya, ke kuma biyu kika sha, a jikin da bai taɓa sani ba, ina kyautata zaton ma cikinki wayam yake don a irin wuraren nan abin sha ke riga abinci zuwa. Wannan shi ne "ɗan kaɗan" ɗin da ƙawarki ke faɗi.

Yanzu ga amsar mi ya sa ba ki ji ba. Gaskiya ne barasa na da ɗaci kuma tana da raɗaɗi, in ta taɓa maƙogwaro ji ake kamar an haɗiyi yaji, don wajen da barkono ke taɓawa a baki nan ita ma take taɓawa. Allah ya sa wannan ɗacin ya zama mai gadi, wanda bai saba ba kurɓa ɗaya zai tofar. To su masu haɗin nan sana'arsu kacokan ita ce kwantar da mai gadin nan barci. Sukari na danne ɗaci, abin da muke yi wa yara ke nan in za mu ba su magani. Sanyi na kashe harshe kuma yana hana wari tashi, shi ya sa kika ga kofin cike da niƙaƙƙiyar ƙanƙara, ko kunun da ya fara tsami in ya yi sanyi ƙarara ba ki ganewa sai sanyin ya fita. Maiƙon kwakwa ko madara kuma ya lulluɓe harshe da maƙogwaro, ƙamshin abarba ya cika hanci, an kuma ba ki tsinken zuƙa abin ya wuce can ciki bai ma zauna a baki ba. Mi ya rage da za ki ji? Babu. Ba wauta kika yi ba, ko ni da na yi shekaru ina aikin jinya na san warin abin nan a bakin majinyaci, in aka miƙo mani irin wannan kofin ba zan dogara da harshena ba.

Ɗacin kawai aka ɓoye, barasar tana nan yadda take ko ɗigo bai ragu ba, ta bi ciki ta bi hanji ta shiga jini, hanta kuma ba ta san gaggawa ba, abin da take iya tacewa a awa guda bai kai abin da ke cikin kofinki ɗaya ba. Mai shan ta tsura ɗacin na sa shi ya riƙa kurɓa a hankali, ke da kika ɗauka kunu ne kwankwaɗa kika yi, shi ya sa ta taho maki gaba ɗaya lokacin da kika miƙe. Kuma mu mata ta fi saurin kama mu ko da nauyinmu ɗaya da namiji, don ruwan jikinmu bai kai nasu ba. In an haɗa da lemo mai gas ta fi saurin shiga jini, in kuma da lemon ƙarin kuzari aka haɗa, irin masu sinadarin kafeyin mai hana barci, to mutum ya bugu amma idonsa tar, yana ganin garau yake ya ƙara na uku ya ƙara na huɗu. A 2010 sai da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tsawatar wa kamfanonin da ke sayar da irin wannan haɗin a gwangwani.

Ki riƙe wannan don gaba, a takardar jerin abin sha ta otal in kika ga an rubuta koktel to ki ɗauka akwai barasa, wanda babu barasa a ciki suke ce ma moktel, ko su sa kalmar Virgin a gaban sunan. Sunayen kuma yaudara gare su. Akwai Long Island Iced Tea, duk wanda ya ji zai ce shayi ne mai sanyi kuma kalarsa ma ta shayi ce, amma ko ganyen shayi ɗaya babu, barasa kala biyar ce aka tara aka ɗiga kola a sama, kofi ɗaya ya kusa kwalbar giya biyu. Akwai Mojito na ƙasar Kuba, na'a-na'a da lemon tsami da sukari da rum, kamar lemon da muke yi da azumi. Akwai Baileys mai kama da madarar cakulan, kashi 17. Har na kwalba akwai, Smirnoff Ice a ido da baki kamar lemo yake alhali ƙarfinsa na giyar kwalba ne. Ki juya kwalba ki duba, in kin ga an rubuta Alc. ko % vol da lamba a gefe, ajiye. In mai kawo abinci ne ki tambaye shi kai tsaye da bakinki akwai barasa a ciki ko babu, ba ƙauyanci ba ne, sun saba jin tambayar. A taron da ba ki yarda da shi ba kuwa ki ce a ba ki ruwa ko lemon kwalba a rufe, ki buɗe da hannunki, in kin tashi kin bar shi kin dawo kar ki ƙara sha.

Wani dare ina bakin aiki aka kawo mana wata yarinya a keke napep wajen ƙarfe ɗaya, ba ta fi shekarunki ba, hannunta da ƙafarta lalle ne ja da baƙi an zana mata na biki, gashin ido ɗaya ya ɓalle ya manne a kumatu, ƙawayenta biyu na kuka suna rantsuwa lemo kawai ta sha. Numfashinta ƙamshin abarba yake, sai ka matsa sosai ka ji ɗayan warin a ƙarƙashi. Kafin su kawo ta sun sheƙa mata ruwan sanyi sun ɗura mata madara da manja wai ta amayar, tana kwance rigingine, saura ƙiris aman ya koma mata huhu. Muka juya ta, muka auna sukarin jininta ya faɗi ƙasa sosai, barasa na yin haka, aka sa mata ruwa, sai da asuba ta buɗe ido tana tambayar ina ɗankwalinta. Don Allah duk wanda ya ga irin haka, kar a ɗura wa wanda baya cikin hayyacinsa komai, ba madara ba manja ba shayi, kar a sa mashi yatsa a baki, kar a kai shi banɗaki a sheƙa mashi ruwa. A kwantar da shi a gefensa fuska na kallon ƙasa kaɗan, wani ya zauna kusa da shi, in ana tashinsa baya tashi ko numfashi ya yi ƙasa ko leɓe ya canza kala to asibiti kai tsaye, kunya ba ta kai rai ba.

Ƙawarki kuma ni ban ji daɗin amsarta ba sam. Ta san ki tun sakandare, ta san gidan da kika fito, kalma ɗaya ce za ta faɗa maki kafin ki kai kofin baki ba ta faɗa ba, da kika tambaya ma ba ta ce yi haƙuri ba. Ba zan ce ki yi gaba da ita ba, ku gaisa, amma ni a wurina wadda ta ga kina sha ta yi shiru ba wadda za ki sake bi wani waje ba ce. Ki gode wa Allah da ya ba ki dabarar kiran yayarki.

Anti ya aiki. Muna da wani aboki a majalisarmu ustazu ne ya ishe mu da wa'azi kullum, shi ne muke so mu ɗan haɗa mashi wani abu a zoɓo ya sha mu ɗauke shi bidiyo, wasa ne kawai wlh ba cuta ba, daga baya mu faɗa mashi. Mi ake sawa wanda ba zai ji ɗanɗano ba?
Wani matashi, Sabuwar Unguwa

Ɗana ba zan faɗa maka ba, kuma ina roƙonka da girman Allah ka je ka rushe wannan shawarar a majalisarku yau ɗin nan. Na buga saƙonka ne kawai don na san ba ku kaɗai ke irin wannan tunanin ba. Ka san ko yana da olsa? Ka san ko yana da ciwon suga ko sikila ko farfaɗiya, ko yana kan wani magani? Akwai magunguna na yau da kullum irin su Flagyl da ake gargaɗin kar a haɗa su da barasa, masu sa barci kuwa in suka gamu da ita numfashi suke dannewa. In ya sha ya hau babur ɗinsa ya nufi gida ya faɗa ƙarƙashin mota a shataletale, wa ya kashe shi? Ba wa mutum abin maye bai sani ba laifi ne a dokar ƙasa, a jihar da ke kan shari'a tun 2000 kuma ka san inda maganar za ta kai, zunubin da kuke so ku ga ya ɗauka kuwa shi babu ruwansa, a wuyanku zai sauka. Bidiyon kuma in ya fita daga wayarka ya fita ke nan, har neman aurensa sai an tono shi. In wa'azin ne ya dame ku ku faɗa mashi a gabansa kamar maza, ya rage.

Salamu alaikum Anti. Ɗana ne ɗan shekara 19, kwanan nan kullum da robar lemo a hannunsa, ko ina za shi tana aljihu, kuma baya bari ƙannensa su taɓa. Ran nan ina shara na ɗauki ɗaya a ƙarƙashin katifa na buɗe, kalar ta ɗan yi duhu ga wani zaƙi-zaƙi da wari kamar na magani amma ba warin giya ba. Ga barci kamar kasa, in yana magana kamar harshensa ya yi nauyi, yana yawan sosa jiki. Babansa ban faɗa mashi ba don zafi gare shi. Mi ke nan?
Hajiya, Daura

Hajiya Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Ba zan ɓoye maki ba, alamun da kika lissafa sun fi kama da maganin tari mai kodin da yara ke juyewa cikin robar lemo, wasu har da ƙwaya suke jefawa ta narke, tiramol ko roci mai sa barci. Dabarar ɗaya ce da ta masu koktel, zaƙi da gas su rufe ɗacin, robar kuma ta rufe idon jama'a, yaro na zaune a ƙofar gida gaban kowa yana kurɓa ana cewa lemo yake sha. Gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da sirof mai kodin tun watan Mayun 2018 bayan wani binciken BBC da ya tona yadda abin ya yi katutu, amma hanawa daban ƙarewa daban, mu da ke kusa da boda mun sani. Shi kodin dangin su ofiyom ne, barcin da sosa jikin da nauyin bakin duk aikinsa ne, ki lura ma za ki ga bayan gida na yi mashi wuya, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance. Haɗarinsa babba shi ne yana rage numfashi, in aka haɗa da ƙwayar barci ko barasa mutum na iya kwanciya ya wuce daga nan.

Kar ki fara da duka ko gori ko kiran 'yan'uwa a taru a kansa, kuma kar ki ce za ki ɗaure shi a ɗaki ya daina dare ɗaya, jikin da ya saba in aka yanke mashi farat ɗaya ciwon jiki da zawo da zufa da rashin barci ke biyowa, in akwai roci a ciki ma har jijjiga yana iya yi, shi ya sa ake son a janye shi a hannun likita. Ki same shi da safe lokacin da idonsa ya washe, ku biyu kawai, ki ajiye robar a gabansa ki ce na gani kuma ban zo faɗa ba. Daga nan ku je asibiti a Daura a fara dubawa, in da hali ku shigo Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina ku nemi ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, hukumar NDLEA ma ba kamu kawai take yi ba tana da masu ba da shawara. Maganar babansa kuwa, ɓoyewar ba za ta ɗore ba Hajiya, gara ya ji daga bakinki da ya ji a bakin masallaci. Ki nemi wanda yake jin nauyi, wansa ko amininsa, ku faɗa mashi tare bayan kun riga kun fara zuwa asibiti, zafin zai zo da sauƙi in ya ga an kama hanya.

Anti wai kunun aya ko zoɓo in ya kwana ya zama giya? Na buɗe robar kunun aya da na manta a mota ta yi fuss har da kumfa.
Direba, tashar Jibiya

Malam direba wannan zubar da shi za ka yi. Duk abu mai zaƙi in ya zauna cikin zafi ƙwayoyin yis da ke cikin iska da jikin ayar da dabinon sai su hau cin sukarin, su fitar da gas da 'yar barasa, gas ɗin ne ya kumbura robar ya yi maka fuss. Ta wannan hanyar ake yin burkutu da dawa, bammi ma da zaƙinsa yake fitowa daga itace kafin yini ya juya. Na kwana ɗaya a mota barasar da ke ciki ba ta taka kara ta karya ba, abin da zai fara kayar da kai gudawa ce da amai, don kunun aya baya da haƙuri ko kaɗan, a zafin Afrilu da muke haura digiri 40 'yan awoyi sun ishe shi lalacewa. Zoɓo ya fi shi juriya saboda tsaminsa da tafasawar da aka yi mashi amma shi ma in ya fara kumfa ya tashi daga zoɓo. Ko jiƙon dabino da ake yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo a hadisi cewa baya wuce kwana uku yana sha.

Anti ina wuni. Ni ina sana'ar zoɓo da kunun aya da lemon citta a Daura, ina kai wa gidajen biki da suna, to yanzu amare sun fara cewa su Chapman suke so a dina irin na Abuja, na duba a intanet duk wanda na gani sai ya ce a ɗiga wani abu wai Angostura bitters, na sa an tambayo mani a Kano an ce akwai amma da tsada. Kafin in saya na ce bari in tambaye ki, mi ne ne shi? Halal ne? In babu shi Chapman ɗin zai yi?
Mai zoɓo, kusa da Kusugu

Ƙanwata Allah ya yi wa sana'a albarka, kuma kin kyauta da kika tambaya kafin ki saya, da yawa sai sun shayar da ɗaruruwan mutane sannan su juya kwalbar. Chapman ɗan Najeriya ne, daga Legas ya fito, kuma a matsayin lemo marar barasa aka san shi, to amma ita wannan 'yar kwalbar mai takarda da ta fi ta tsawo da murfi rawaya, Angostura, jiƙon saiwoyi da kayan ƙamshi ne a cikin barasa, a jikinta an rubuta 44.7%, ta ma fi rum ɗin da na yi wa ɗalibar can bayani ƙarfi. Wani likita Bajamushe ya fara haɗa ta a 1824 a ƙasar Benezuwela a matsayin maganin ciki, yanzu a Tirinidad ake yin ta. Gaskiya ne ɗigo kaɗan ake sawa kuma ɗigon nan ba zai bugar da kowa ba, shi ya sa masu otal ba sa lissafa shi, amma wasu ba sa tsayawa nan har Campari suke tsiyayawa don ja da ɗaci, ita kuwa barasa ce sosai. Ni dai hadisin da na tashi da shi shi ne abin da mai yawansa ke bugarwa to kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma ke amana aka ba ki, uwar amarya da ta ba ki kuɗi ba ta san da wata kwalba ba, ga yara ga masu ciki ga tsofaffi duk za su sha. Bar shi kawai, kuɗinki ma ya huta.

Aikin da yake yi a kofin ɗan ɗaci ne da ƙamshi don kar zaƙi ya gundiri mutum, kuma wannan muna da shi a kicin. Ga yadda nake yi in muna da taro a gida. Ki dafa zoɓo mai kauri sosai kamar kofi biyu, da kanumfari kamar guda goma da ɗanyar citta 'yar daidai, ki sa sukari ki bar shi kan wuta har ya ɗan yi danƙo, wannan shi zai tsaya maki a madadin jan sirof ɗin da suke sawa, kalarsa ma ta fi kyau. Ki kankare bayan lemon zaƙi biyu da na lemon tsami ɗaya, saman kawai, ki jefa cikin zoɓon bayan kin sauke yana da zafi ki rufe minti goma ki tace, in kina son ɗacin ya fito ki bar ɗan farin ɓawon a jiki amma kaɗan, in ya yi yawa ba ya shayuwa. Ki bar shi ya huce ya yi sanyi. Sai a wajen bikin ki haɗa, Fanta da Sprite daidai wa daida, kowace lita biyu ta lemo ki sa mata kamar rabin kofi na zoɓon ki ɗanɗana, ki matse lemon tsami biyu, in kin samu lemon kwalba mai ɗaci irin Bitter Lemon ki ƙara kwalba ɗaya. Kokwamba kuma ba ado ba ce kawai, ita ce ƙamshin Chapman, ki yanka siri-siri da yawa ki zuba tun minti ashirin kafin a fara rabawa tare da yankan lemon zaƙi.

Kar ki juye lemon kwalbar tun daga gida, kafin ki kai gas ɗin ya tafi ya zama ruwan sukari, kuma haɗawa a gaban mutane na da wani amfanin, kowa ya ga abin da aka buɗe aka zuba. Ki sa yarinyarki ɗaya ta tsaya kan kular har a tashi, kar a bar ta a buɗe a bayan rumfa inda samari ke kai-kawo, don in wani ya tsiyaya wani abu a ciki sunanki za a kira ba nashi ba. Filebo da kike saye a kasuwa ma ki riƙa duba jikinsu, wasu musamman banila ta waje da barasa ake jiƙa ta har kashi 35. Garin ɗan tsami na awo wanda babu suna babu lambar NAFDAC kuwa ki rabu da shi, ba mu manta abin da ya faru a Kano a 2021 ba da mutane suka cika asibitoci wasu suka rasu a kan haɗin lemo, tsamiya da lemon tsami sun ishe ki. Ƙanƙara kuma ki yi taki da ruwan leda ko wanda kika tafasa, ki daskarar da ita manya-manya a kofunan roba don ƙanana saurin narkewa suke su tsinka maki lemon, in kin ga dama ki jefa yankan kokwamba a kowane kofi kafin ki sa a firiza.